Tambayoyi da amsoshi: tsare kaji daga shaho da shirwa, da ayyukan bazara a karkarar Sakkwato

Da zarar hunturu ya ɗaga, zafi ya kankama a watan Maris, kukan da ake ji a tsakar gidaje iri ɗaya ne tun daga Gwadabawa har Tambuwal: kaza ta fito da 'ya'ya goma, kafin a ankara saura biyu. Masu kukan yawanci mata ne da yara, don su ke da kajin, kuma da kuɗinsu ake sayen sabulu da littafin makaranta da maganin zazzaɓi. Na tattara tambayoyin da aka fi yi a kan wannan, na haɗa su da ayyukan da ke kan kowane magidanci kafin ruwa ya sauka, saboda abubuwan biyu ba sa rabuwa. Shara da sassabe da ƙone-ƙonen da muke yi a bazara su ne ke buɗe wa shaho fili.

Malam, shaho da shirwa ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma sanin bambancin yana da amfani, don kowanne da salon farautarsa. Shirwa ita ce mai shawagi a hankali a saman gari, ba ta cika kaɗa fiffike ba, wutsiyarta a tsage tana murza ta hagu da dama. Ta fi son bakin mahauta, juji, kasuwa, da duk inda aka sa wa daji wuta. Faɗin fikafikanta ya kai kusan mita ɗaya da rabi, amma jikinta ba nauyi, da ƙyar take kai kilo ɗaya. Shi ya sa ba ta iya tashi da babbar kaza. Aikinta sura: ɗan tsako, ɗan zabo, tsokar nama a hannun yaro. Ta sauko, ta fizge, ta wuce.

Shaho kuwa suna ne da muke ba tsuntsaye fiye da ɗaya. Akwai mai dogayen fikafikai masu tsini, wanda ke zuwa a guje ya bugi tantabara ko sagara a fili. Akwai ƙarami mai launin toka da ke laɓewa cikin dogon yaro, ya yi shiru yana jiran kaza ta juya baya. Wannan na biyun shi ya fi shammatar mutane, don idonsu na sama, shi kuwa yana kan itacen da suke zaune a ƙarƙashinsa.

Me ya sa ɓarnar ta fi yawa a wannan lokaci?

Dubi ƙasa a watan Afrilu. An kwashe kara tun kaka, dabbobi sun cinye abin da ya rage, ciyawa ta bushe ta karye. Daga bakin gida har gona babu inda ɗan tsako zai sa kansa. Ga shi kuma abinci ya yi ƙaranci a tsakar gida, sai kaza ta ja 'ya'yanta zuwa masussuka ko bakin juji, nesa da mutane. Su ma tsuntsayen yunwa suke ji: fara ta yi ƙaranci, kuma da yawa daga cikinsu a rani suke yin sheƙa, suna da bakunan da za su ciyar.

Sai kuma abin da muke ƙarawa da hannunmu. Magidanci zai tashi ya sassabe sabara da geza na bayan gida, ya kwashe tsohon darni ya ƙone, ya share ko'ina fes, yana ganin ya yi gyara. Gyara ne, amma ya tuɓe wa kajin matarsa mafaka. Hayaƙin da ya tayar kuma kiran shirwa ne, don ta san inda wuta take, nan fara da ƙadangaru ke tashi. Duk ranar da za a ƙona shara kusa da gida, a rufe 'yan tsaki tun kafin a ƙyasta ashana.

To, me ya fi komai aiki?

Rufi. Ɗan tsakon da ke ƙarƙashin kwando ko raga ba shi da matsala da abin da ke sama. Duk sauran dabarun da za a ambata a ƙasa taimako ne kawai, wannan shi ne jigo.

A samu babban kwando mai faɗin kamar mita ɗaya, wanda aka saƙa da tsumagiya ko kaba, a kife uwa da 'ya'yanta a ciki da ruwa da tsaki. Ramukan saƙar kada su kai yadda ɗan tsako zai zurara. A ɗora dutse ko bulo a kai don iska da akuya. A riƙa gusar da shi zuwa sabon wuri kullum saboda kashi, kuma a bi inuwa da shi. Wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne a Sakkwato: kwandon da aka ajiye a inuwa da hantsi, kafin azahar rana ta cim masa, kuma 'yan tsakin da ba su da hanyar gudu zafi zai kashe su tun kafin shaho ya san da su. Wanda ya tsare dabba, cinta da shanta da inuwarta sun hau kansa.

Da yamma, idan rana ta yi sanyi kuma akwai babba ko yaro mai hankali a tsakar gida, a sake su su yi tono su miƙe ƙafa. Idan za a shiga ɗaki, a mayar da su.

Ba ni da kuɗin waya. Da me zan yi?

'Yar'uwa, ba sai da waya ba. Tsohon gidan sauro da ya yayyage, wanda aka riga aka daina kwana a ciki, a wanke shi, a ɗinke manyan ramukan, a ɗaure shi a kan sanduna huɗu a danne gefensa da ƙasa. Kada dai a cire wanda yara ke kwana a ciki a ba kaji. Masu zama kusa da gulbin Rima ko dam ɗin Goronyo suna iya samun tsohuwar raga wurin masunta da araha. Ita ta fi dacewa da rufin sama, a ɗame ta sosai, don idan ta yi sako-sako kaji kan sarƙe a ciki.

Haka nan kusurwar gida tsakanin katanga biyu: a kafa 'yar rumfa gajeruwa, a shimfiɗa zana ko kara a sama, a tare gaba da darni mai matsi. An samu ɗakin reno ke nan ba tare da an kashe ko sisi ba. In kuɗi ya samu daga baya, a sayi waya mai ƙananan ramuka, kamar rabin inci. Mai manyan ramuka tana tare shirwa amma ba ta tare ɓera da maciji.

Har yaushe zan tsare su, kuma me zan ba su alhali ba sa fita kiwo?

Sati shida zuwa takwas. A lokacin gashi ya rufe su, sun iya gudu, sun san kiran uwarsu, sun kuma fara yi wa shirwa nauyi.

Batun abinci shi ne inda mutane da yawa ke karaya su sake su, don haka bari in tsaya a nan. Tsakin gero ko masara ko dawa shi kaɗai ba ya gina jiki. A waje, ƙwari ne ke cike wannan gurbi, saboda haka wanda ya tsare su sai ya kawo musu madadin. Tunkuza da aka busar aka daka, garin ƙananan kifi, ganyen zogale, ɗan dusa, duk suna yi. Kada a ba su abin da ya yi funfuna ko wanda gishiri ya yi wa yawa.

Mafi araha kuwa gara ce, kuma ga yadda ake kama ta. A samu tsohuwar tukunya ko kasko, a cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara da tsumman buhu a ciki, a yayyafa ruwa har su jiƙe ba tare da sun yi sharkaf ba. Da yamma a kife ta a inda aka ga hanyar gara, nesa da rumbu da ginin gida, a rufa mata wani abu don ta riƙe sanyi. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi gara ta koma ƙasa, a ɗaga a zazzage a cikin kwandon. Uwar za ta fara tsince ɗaya ta ajiye tana ƙyat-ƙyat, kafin ka ƙifta ido 'ya'yan sun rufe wurin. Mai hali ya sayi abincin 'yan tsaki na buhu ko da na sati uku na farko ne, yana biyan kansa.

Ruwa kuma a zuba a faranti mara zurfi, a jera tsakuwa a ciki don kada su faɗa su nutse.

Manyan kajin fa, da ba zan iya tsarewa ba?

Su mafaka suke buƙata, ba kurkuku ba. Ki lura da kaza idan inuwar tsuntsu ta gifta: takan karkata kai ta dubi sama da ido ɗaya, ta yi wani siririn kuka, nan take kowa ya ruga ƙarƙashin abu mafi kusa. Tambayar ita ce, akwai abin da za su shige kusa? Idan daga inda suke kiwo zuwa mafaka akwai nisa, shaho ya riga su.

Don haka a bar musu wuraren fakewa a warwatse: ƙarƙashin rumbu, amalanken da aka jingine, tarin ƙayar magarya ko bagaruwa, tsohuwar ƙofa da aka ɗora a kan bulo huɗu. Idan ana sassabe a bayan gida, a bar sabara da geza jefi-jefi. Shingen aguwa da lalle da aka saba yi a ƙasar nan yana wannan aiki da kyau, kuma ƙarshen bazara, dab da faɗuwar ruwa, lokaci ne mai kyau na dasa sabo. Dogon itace irin gawo yana ba da inuwa a rani, lokacin da yake da ganye, amma ƙarƙashinsa fili ne, samansa kuma wurin zaman shaho. Abin da kaza ke so shi ne gajeren duhu mai sarƙaƙiya.

Wurin zuba musu abinci ma a mayar da shi ƙarƙashin rumfa. Kaza ba ta da tsaro lokacin da kanta ke ƙasa.

Na ga ana rina 'yan tsaki da galura ko jibi, wato GV, shuɗin maganin nan na rauni. Yana aiki?

Ana yi a ƙasashen Afirka da dama, kuma masu yi suna cewa asara tana raguwa, saboda tsuntsun bai saba ganin abincinsa da wannan launi ba. Ba na hana shi, in dai an shafa kaɗan a baya, an kiyaye ido, kuma ba fenti aka sa ba. Amma launin yana tafiya da fitowar sabon gashi, tsuntsu mai yunwa kuma yana koyo. Haka zancen yake ga madubi, tsofaffin faya-fayan CD, ledoji masu ƙyalli da mutum-mutumi. Sukan yi tasiri na ɗan lokaci, idan ana sauya musu wuri su ɗan ƙara daɗewa. Kada ɗayansu ya sa a ajiye kwando.

Zakara da zabi suna taimakawa?

Sosai. Zakara yana da kuka na musamman ga abin da ke zuwa ta sama, daban da wanda yake yi in ya ga kare ko muzuru, kuma kaji sun san bambancin. Gidan da aka sayar da duk zakarun a lokacin Sallah aka bar kaji su kaɗai ya rasa mai gadi. Zabi kuwa ba su ganin baƙon abu su yi shiru. Hankaka yakan kori shaho, amma kada a yi murna da shi, don shi ma ɓarawon ƙwai ne da 'yan tsaki.

Ai hadisi ya halatta kashe shirwa. Me zai hana in sa mata guba a nama in huta?

Gaskiya ne, ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa akwai dabbobi biyar masu cutarwa da ake kashewa ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Ba na jayayya da wannan. Amma ɗan'uwa, guba ba ta san shirwa ba. Naman da ka jefar a bayan gari, karen makiyayi zai ci, kyanwar maƙwabci za ta ci, kajinka da kansu za su tsattsage shi. Shirwar da ta ɗauka tana iya sakinsa a tsakar gidan wani inda yaro ke rarrafe. Sannan ungulu, wadda ba ta cikin biyar ɗin nan kuma ba ta taɓa ɗaukar ɗan tsako mai rai ba, ita ce ta fi mutuwa a irin wannan. Duk wanda ya girma a Sakkwato ya san yadda ungulu ke cika bakin mahauta a da, ya kuma san yadda ta yi wuyar gani yanzu. Tun 2015 aka sa irin wadda muka sani a garuruwanmu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Mushen da take kwashe mana yanzu ruɓewa yake yi a bakin hanya.

Ko ta fuskar riba ma ba ta ɓullewa. Ka kashe ɗaya, wata ta maye gurbinta, 'yan tsakinka kuma har yanzu a fili suke. Kuma waɗannan tsuntsaye su ne ke rage mana fara da ɓeraye da ƙananan tsuntsayen da ke cin gero a gona. Kuɗin gubar ya isa sayen kwando.

Shaho ya bugi kazata amma bai tafi da ita ba. Me zan yi?

A ɗaga gashin a duba ko'ina, musamman baya da ƙarƙashin fiffike, don raunin farce ƙarami ne a ido amma yana da zurfi. A wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a shafa jibi, a keɓe ta a wuri mai duhu da ruwa kusa da ita, saboda 'yan'uwanta za su yi ta saran wurin in sun ga jini, ƙuda kuma zai yi tsutsa. Idan raunin ya yi tsanani, a yanka ta tun tana da cikakken rai. Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta haramta abin da naman daji ya ci sai wanda aka riski yankansa, kuma malamanmu na Malikiyya suna da bayani a kan raunin da ya kai maƙura har yanka ba ya halatta shi. In an shiga shakka, a tambayi malamin unguwa.

Kaji suna ɓacewa amma ban taɓa ganin shaho ba. Ta yaya zan gane mai ɗauka?

Shaho da shirwa da rana suke aiki. Duk abin da ya ɓace tsakanin magariba da asuba, a nemi wani. Ɗan tsako ya ɓace da rana ba ko alama: shirwa ce ko hankaka. Tarin gashi da aka fige a gindin itace ko bayan katanga: shaho. An tashi da safe an tarar da kaji da yawa a mace da cizo a wuya ko kai: tunku. Ƙwai na raguwa ba ɓawo, ko kaza mai kwanci ta mutu a kan ƙwanta: a yi hattara, maciji ne, kada a sa hannu a akurki cikin duhu. Muzuru yakan ja ya tafi da ita ya bar fikafikai. Idan kuwa manyan kaji masu ƙiba ne kawai ke ɓacewa, ba gashi ba jini, sai a sa wa akurki kwaɗo.

Mujiya tana shan zargi fiye da laifinta. Farar nan da ke kwana a soraye da kangaye, ɓera ne abincinta.

Wane gyara akurki ke buƙata kafin damina?

Wannan aiki ne da ake yi tare da yaɓen ɗakuna, da ƙasar da aka kwaɓa ɗaya. A fitar da kaji, a kwashe kashi da tsohuwar shimfiɗa gaba ɗaya, a ƙone ciyawar da aka yi kwanci a kai. Sannan a duba bango da kyau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a akurki kuwa ba ƙadangare kaɗai ba: akwai wata kaska mai laushi da ke ɓuya a tsagar da rana, ta fito da dare ta sha jinin kaji, su yi ta ramewa ba a san dalili ba. A toshe kowace tsaga, a shafe, a barbaɗa toka a ƙasa. In akwai farar ƙasa a shafa.

A ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu, a kuma duba inda indararo ke zubar da ruwa, don akurki da yawa a nan ake gina su ba a lura ba, sai ruwan Agusta ya zo a sha mamaki. A sabunta jinka. Ƙofa ta rufu ruf, amma a bar ƙananan kafofin iska ta sama.

Ƙuma da ke manne wa kaji a gefen ido da tukku, man shafawa mai kauri yana kashe ta. A tanadar musu ramin toka da rairayi a inuwa su yi birgima. Kada a fesa wa kaza fiya-fiya a jiki, guba ce gare ta da mai cin ƙwanta.

Zafin Afrilu da Mayu yana kashe mini kaji. Akwai dabara?

A wannan lokaci zafi a Sakkwato yakan wuce digiri 40, kaza kuma ba ta gumi. Da haki take fitar da zafi, baki buɗe, fikafikai a sake. Ruwan da aka bari a kwanon ƙarfe a rana ba za ta sha ba. A zuba a kaskon ƙasa a inuwa, a wurare biyu ko uku, a sabunta da rana tsaka. A yayyafa ruwa a gindin itace ko kusa da randa, za ka ga sun tona sun kwanta a sanyin. Abinci da sassafe da yamma. Akurki mai rufin kwano a shimfiɗa masa kara ko zana a sama. Wanda zai kai kaji kasuwa ya tafi da sanyin safiya, kada ya cunkusa su.

Ya dace in sa wa kaza ƙwai a tsakiyar bazara?

Ana yi, amma ƙyanƙyasa takan ragu. Ƙwai yana zama ɗan tsako ne a ɗumin da uwa ke ba shi, kusan digiri 37 da rabi, iskar ɗakinmu kuwa a watan Afrilu takan kai haka ko ta wuce, sai ƙwan ya fara lalacewa tun kafin kaza ta hau. A riƙa kwashewa kullum ana ajiyewa a wuri mafi sanyi, kamar kan rairayi mai danshi a gindin randa, a sa wa kowanne alama da gawayi, kuma a zaɓi waɗanda ba su wuce sati ba. Takwas zuwa goma sun ishi kazar gida. Kwana 21 take yi.

Ni dai shawarata, mai iya haƙuri ya daidaita kwancin yadda 'yan tsaki za su fito bayan ruwa ya zauna, lokacin da ciyawa ta rufe ƙasa, ƙwari suka yawaita. A lokacin ne kuma zabi ke zuba ƙwai. Zabuwa ba ta iya reno ba, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwanta, su kuma kwana 26 zuwa 28 suke yi. 'Yan zabi ba sa jure jiƙa da raɓa, saboda haka kwandon nan yana da aiki har a damina.

Ana cewa cuta ta fi shaho ɓarna. Haka ne?

Haka ne, nesa ba kusa ba. Shaho ɗaya-ɗaya yake ɗauka, cutar Niyukasul kuwa takan share unguwa guda: koren zawo, haki, fikafikai a zube, wuya ya murɗe. Ta fi tashi a hunturu, amma ba ta da wata. Ba ta da magani in ta kama. Kafso ja da rawaya da barkonon da ake jiƙa musu ba sa kashe ta. Rigakafi ne kawai.

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafi iri-iri, ciki har da na wannan cuta, wanda ake kira I-2, da aka yi domin kajin karkara saboda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ne a ido, ana maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu, kuma lafiyayyun kaji ake yi wa. Jure zafi ba ya nufin a bar shi a aljihu a rana, a riƙe shi a sanyi, in an haɗa kuma a yi amfani da shi nan take. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, don haka matan unguwa su haɗa kuɗi a yi rana ɗaya. A nemi ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma. Na kusa da birni kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya da yawa, tukku ya yi baƙi-baƙi, fuska ta kumbura, a kai rahoto, don murar tsuntsaye na nan tun da aka fara tabbatar da ita a Najeriya a Fabrairun 2006 a Jihar Kaduna, kuma tana iya kama mutum. Kada a yanka a ci, kada a ruga kasuwa da sauran, kada a jefar a juji. A haƙa rami mai zurfi a binne.

Zan sayo sababbin kaji a kasuwa. Me zan kiyaye?

A keɓe su sati biyu kafin su haɗu da na gida, ko da kyauta ce daga 'yar'uwa. Masu son kajin da aka inganta irinsu, kamar Noiler, su sani cewa suna girma da sauri, amma ba su da wayon gudu irin na kazar gida, kuma yawanci ba uwa ke renonsu ba. Su kam rufi dole ne.

Ayyukan sun yi yawa. Da wanne zan fara?

A fara da abin da ke buƙatar rana ya bushe: yaɓen ɗaki, rumbu da akurki, da gyaran soro. Yasar rijiya ma yanzu ne, da ruwa ya ja ƙasa. Sai kai taki gona, kuma kashin kajin da aka kwashe daga akurki ya shiga ciki. Yana da ƙarfi ƙwarai, masu albasa a fadamun Wurno da Kware sun san darajarsa, amma ɗanyensa yana ƙona shuka, a tara shi ya huce tukuna. A lissafa harawa da dusar da suka rage, don makonnin da ke tsakanin ƙarewar abincin rani da fitowar sabuwar ciyawa su ne mafi wuya ga dabbobi. Sharar gona da ƙona ta su zo bayan an tanadi wurin 'yan tsaki. Buɗe magudanan ruwa na iya jira har hadari ya fara haɗuwa, amma kada ya wuce nan.

Lokacin shuka kaji suna tone wa maƙwabta iri. Ya zan yi?

A tsare su, kuma a yi hakan tun kafin maƙwabci ya aiko. Ko binne aka yi kafin ruwa, ko shukar ruwan farko a watan Yuni, kaza tana bin layi tana tone gero rami bayan rami, kuma zumunci da yawa ya ɓaci a kan wannan. Akwai kuma haɗari ga kajin kansu: irin da aka cuɗa da maganin shuka, mai launin ja ko shuɗi, guba ne. Kada a cuɗa shi a tsakar gida, kada a wanke ƙwaryar inda kaji ke sha, ragowar kuma a ɗaure a rataye inda yaro da kaza ba sa kaiwa. Kazar da ta mutu ko ta sume bayan ta ci irin wannan iri ba a cin ta.

Tsarewar ba mai tsawo ba ce. Gero yakan tsiro cikin 'yan kwanaki bayan ruwa, kuma da ya kai kamar taƙi ɗaya ya fi ƙarfin tono. Rumfar da aka yi wa 'yan tsaki a bazara, a ɗan faɗaɗa ta da zana biyu ko uku, ta ishi manyan na wannan ɗan lokaci, in dai ana zuba musu dusa da ruwa safe da yamma.